Kada a Yi wa Kifina Jere

Wudil, ranar Talata

Zuwa ga Uwata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, in ƙara da ta ɗa ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kika ci. Yaya gajiyar biki, yaya hayaniyar mata? Allah ya sa yadda aka fara lafiya a gama lafiya, ya kai ku Bauci ko faci ba ku yi ba.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naki. To tun da aka fara hidimar nan nake neman ki ban samu ba. Duk sanda na leƙo tsakar gida sai in tarar an kewaye ki, wannan na murza miki dilka, waccan na ɗaure miki ƙafa da leda, kowa na magana babu mai saurare. Ranar da za a kawo ki gabana in yi miki faɗa kuwa na san yadda za a yi. Ke kina kuka a cikin mayafi, ni kuma in ce ki yi haƙuri ki bi mijinki, a shafa fatiha a tafi da ke. Maganar haƙuri duk wanda ya ci tuwon bikin nan sai ya faɗa miki ita. Maganar kifi kuwa babu mai faɗa miki sai ni.

Ga abin da ke damuna. 'Yan gofin nan namu, ƙananan kifayen nan masu jela kala-kala da ke gidan nan tun kina firamare, zafin bana ya rage su, abin da ya saura bai kai a raba biyu ba. Na yanke shawara ke za ki tafi da su duka, a cikin akwatin gilashin da na haɗa miki da hannuna. In suka mutu a wurinki zuri'ar ta ƙare ke nan, don ba ni da ko guda a gida. Kuma tun ba a ɗora su a mota ba na hango mutum biyu da ke shirin hallaka su da kyakkyawar niyya, wato yayata, gwaggonki Asabe, da angon naki Malam Mustafa. Shi ya sa zan ba ki labarin wautar da na tafka a kan kifin nan. Wata kin gani da idonki kina ƙarama, amma ba ki san ni ne mai laifin ba.

Asalinsu daga Dakta Bitrus ne, mutumin Zuru ɗin nan da ke koyarwa a jami'a, wanda ke kawo miki biskit. Ya zo shagona yana neman mai yankan gilashi da zai haɗa masa akwatin da ba ya yoyo. Ni a lokacin tagogi na sani da shoglas ɗin masu burodi, amma na ce zan iya, Allah kuma ya rufa asiri na iya. Ya ji daɗin aikin, ya ba ni 'yan gofi a leda a matsayin tukuici. Na haɗa ragowar gilashi na yi musu ɗaki, na ajiye a zaure.

Abin da ya ja ni ga ɓarna ta farko kunya ce. Abokaina na majalisa suka zo suka leƙa, sai Ɗanjuma masunci ya ce, «Malam Sabo, a garin Wudil, ga kogi a bakin ƙofa, ka rasa abin kiwo sai wanda ko cokali ba zai cika ba?» Aka bushe da dariya. Maganar ta tsaya mini a rai. Washegari na bi shi bakin ruwa ya ba ni ɗan tarwaɗa, bai wuce tsawon ɗan yatsana ba, ga 'yan gashin baki gwanin sha'awa. Na kawo na saka, na ce yanzu akwatin ya yi kwarjini.

Ba a daɗe ba gofi suka fara raguwa. Na zargi kyanwar maƙwabta, har na je na yi wa mai gidan magana muka rabu ba daɗi. Na zargi ƙadangare. Sai da na kusa zargin aljanu, mahaifiyarki ta fito zaure da tsintsiya a hannu, ta dubi akwatin sau ɗaya ta ce, «Malam, kai ba ka ga tumbin baƙon naka ba ne?» Na duba. Ya yi ɓul-ɓul, yana kwance a ƙasa yana kaɗa gashin baki, ko kunya babu. Waɗanda suka tsira 'yan kaɗan ne da suka ɓuya a cikin wani fasasshen kasko da na jefa a ciki don ado. Shi kuwa tarwaɗan na mayar da shi baho na ci gaba da ba shi abinci har ya girma, muka yi farfesunsa. Kin ci, har kika nemi ƙari.

Abin da na koya ke nan, kuma ki riƙe shi da kyau. In za ki haɗa kifi da kifi, kada ki dubi girman jikinsa na yau, ki dubi faɗin bakinsa, ki kuma tambayi inda girmansa zai tsaya. Duk abin da zai shiga bakin kifi, a wurinsa abinci ne, ko shekara suka yi tare. Kifin koginmu kuwa, tarwaɗa ne, karfasa ce, ƙurungu ne, babu wanda aka yi don zaman akwati da ƙanana. Ita karfasa ma na gwada ta daga baya, don ba na jin magana sau ɗaya. Ba ta cinye manyan ba, amma ta tone duk ciyawar da na shuka, ta kwashe yashi da baki ta tara a gefe, ta kame rabin akwatin ta ce nata ne.

Yanzu sai maganar angonki. Yaron kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa, in da akwai da ban ba shi ke ba. Da ya ji za a kai akwatin kifi gidansa, sai ya je ya sayo kwaɗi biyu don ya faranta miki, ya turo mini hotonsu a waya yana cewa, «Baba, ga abokan zaman kifin nan na samo.» Na buɗe hoton. Na san fuskar nan. Na taɓa ciyar da irinta.

Wata shekara na shiga Kano sayen gilashi, na ga wani mai sayar da kifin ado yana da 'yan kwaɗi farare a kwalba, masu jan ido, ba su fi ƙwallon dabino ba. Ya ce mini kwaɗon ruwa ne, ba ya girma, ba ya faɗa, kuma daga waje aka kawo shi. Wannan ta ƙarshen ita ta kama ni. Na sayo ɗaya na kawo. Dakta Bitrus ya zo karɓar aiki, ya sunkuya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, «Malam Sabo, wannan ba wadan kwaɗo ba ne. Dubi hannunsa. Ka fitar da shi tun da wuri.» Ni kuma na ce, «Dakta, da ma dai a kan littafi ne sai in bar maka. Kwaɗo kuwa tare muka taso da shi a bakin kogi.» Ya yi murmushi ya ɗauki gilashinsa ya tafi. Har yau in na tuna murmushin nan sai in ji kunya.

Kwaɗon nan ya girma har ya cika tafin hannuna. Ba ya bin kifi da gudu, shi ya sa na daɗe ban gane ba. Sai ya tsaya a tsakiyar ruwa ya baje hannu da ƙafa kamar ya mutu, kifi ya zo wucewa, ya sa hannu biyu ya tura shi baki yadda ɗan dako ke kai lomar tuwo. Da idona na gani, ina riƙe da kofin shayi. Kafin in ajiye kofin ya ƙara na biyu.

Na cire shi na saka a bokiti, ban rufe ba. Ran nan gwaggonki Asabe ta zo wuni. Da azahar ta ɗauki buta za ta yi alwala, ta karkata, ruwa ya ƙi fitowa. Ta buɗe murfin ta leƙa, shi ma ya leƙo. Ihun da ta yi sai da masu sayar da kifi a bakin gada suka tambayi ko lafiya. Butar ta bi ta kan katanga, ba mu ƙara ganin ta ba, shi ma haka. Ta yi wata guda ba ta tako gidan nan ba, kuma har gobe cewa take da gangan na yi.

To ga yadda ake bambanta su, Uwata. Ki dubi hannun gaba. Wadan kwaɗo, wanda ake iya haɗawa da ƙananan kifi, yana da fata a tsakanin yatsunsa na gaba kamar agwagwa, idanunsa suna gefen kai, bakinsa tsini ne, kalarsa ta ƙasa, kuma ba ya wuce gaɓar babban yatsa ko ya tsufa. Macin kifin kuwa yatsunsa na gaba a ware suke, idanunsa a saman kai. In fari ne fat, ba sai kin tsaya duba hannu ba, kusan duk fararen da ake sayarwa macin kifi ne. Na Malam Mustafa farare ne, yatsu a ware, suna kallon sama kamar masu addu'a.

Ban faɗa masa ba. Suruki ba ya buɗe baki ya ce wa angon 'yarsa ka sayo ɓarayi, cewa na yi an gode, Allah ya yi albarka. Ke ma kada ki tare shi da cewa Baba ya ce, don babu namijin da ke son a karanta masa wasiƙar surukinsa a kwanakin angoncinsa. Ki yaba kwaɗin, ki ce sun yi kyau har sun cancanci ɗakinsu na kansu. Na sa wani ƙaramin akwati mai murfi a cikin kayanki, a bayan katifa, nasu ne kafin su girma. Ya riƙa ba su tana da hannunsa, zai ji daɗi, ke kuma gofinki su kwana lafiya. Amma ko da wasa, ko na minti ɗaya don a ɗauki hoto, kada su haɗu a ruwa guda.

In wata rana kika samu wadan na gaskiya kina so, babu laifi, suna zama da gofi, sai dai su ɗan tsinci jarirai in sun samu. Amma suna da nasu sha'anin. Da huhu suke numfashi, dole su riƙa haurowa sama su shaƙi iska, don haka zurfin ruwa kada ya wuce kamu ɗaya. Ba sa gani sosai, kafin su laluba abinci kifi sun cinye, sai ki riƙa sauke musu nasu har ƙasa a gabansu. Na taɓa barin wasu biyu suka rame a tsakiyar abinci, ina ta yabon su wai ba su da haɗama. Kuma ki rufe akwatin ki bar 'yar kafar iska, don kowane kwaɗo yana da ranar da zai ce zai fita ya ga gari.

Sai gwaggonki. Ita ce za ta ja tawagar masu jere zuwa Bauci ranar Alhamis, kuma kin san ta da jere. A wurinta duk inda ido zai sauka ya ga sarari to an ci mutuncin dangi. Jiya ta same ni a zaure ina goge akwatin naki, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

«Sabo, waɗannan 'yan tsakin za a kai wa mutane? Dangin miji su zo ganin ɗaki su ce ruwa muka kawo?»

Na ce, «Yaya, za su hayayyafa.»

Ta ce, «Ranar ganin ɗaki za su hayayyafa? Na riga na yi magana da wani a Kano. Za mu fara shiga can mu ɗauki jajaye manya da yawa, da shuɗi mai baza jela, da ja irinsa, da masu zane-zane. Labulen ɗakin ja da ruwan gwal ne, dole kifi ya shiga da labule.»

Na ce, «Yaya, kifi ba kwano ba ne.»

Ta ce, «Kai ka san jere ko ni?»

Na ci gaba da goge akwatin, don ita ta goya ni. Amma abin da take shirin yi, ni na riga ta yin sa, kuma na ga ƙarshensa.

Wata babbar salla ce da ta faɗo a tsakiyar bazara. Na samu aiki mai kyau a lokacin, kaina ya kumbura, na ce bana duk wanda ya zo gaisuwar salla sai ya san gidan mai gilashi ya shigo. Na sayo jajayen nan masu tumbi da ake kira golfish, na sayo kifin faɗa guda biyu, ja da shuɗi, don na ga sun dace da juna, na ƙara da wasu masu zanen damisa. Na zuba su duka a kan gofi a rana ɗaya. Na ja baya na duba, wallahi ya yi kyau. Kyan bai kai la'asar ba.

Kifin faɗan nan ashe ba a banza aka ba su sunan ba. Maza biyu ba sa haɗa ruwa. Suka baje kunnuwa suka kama juna, kafin a sauko daga idi shuɗin ya koma kamar tsumman goge-goge. Wanda ya yi nasara ya waiwaya ya ga mazan gofi da jelarsu mai kala, ya ɗauka su ma ƙalubale ne. Masu zanen damisa kuma ba ruwansu da wanda ya yi nasara, duk jelar da ta gifta sai sun ɗanɗana. Su kuwa golfish ci kawai suke suna kashi, ruwa ya koma kamar tsarin shinkafa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, famfon iska ya tsaya, ga rana tana dukan kwanon rufi. Duk suka hauro sama suna buɗe baki.

Baƙin da na tara don su ga arziki, abin da suka tarar shi ne mai gida da babbar rigar salla, ya naɗe hannu, yana kwasar ruwa da ludayi yana tsiyayawa daga sama don iska ta shiga, ɗaya hannun kuma yana yi wa akwati fifita. Liman ya shigo, ya tsaya, ya ce, «Malam Sabo, jiƙo ake yi?» Na ci gaba da fifita. Golfish ko ɗaya bai kai washegari ba, su ruwa mai sanyi da faɗi suke so, zafinmu ba nasu ba ne. Ke kuma kika zauna a dokin ƙofa da sabon lallenki kina kuka, kina tsince gofin da suka rage da rariya kina sawa a kwanon sha. Ran nan na ji haushin kaina fiye da yadda zan iya rubutawa. Wannan zuri'ar da za ki tafi da ita jikokin na cikin kwanon shan nan ne.

Saboda haka ba a yi wa kifi jere. Ba a zaɓen su don kala, ana zaɓen su don hali, da irin ruwan da suke so, da inda kowa ke zama, wani a sama, wani a tsakiya, wani a ƙasa. Ba a zuba sababbi da yawa a rana ɗaya. Kuma akwatin da kika ga kamar babu komai a ciki, sau da yawa shi ne wanda ya yi daidai.

Ke ba za ki iya hana gwaggonki ba, amarya ba ta da baki ranar jere. Ni ma na gwada na kasa. Dabarar da na yi ita ce, akwatin zai tafi da masu jere, da yashi da ciyawa da ruwa, ta zuba abin da ta ga dama a ciki ta ɗauki hoto. Gofin kuwa suna nan, sai ranar kai amarya za su bi ki a cikin bokiti mai murfi, ki sa shi a tsakanin ƙafafunki, kada a jefa shi a but. In kin isa ki bar su a bokitin a wuri mai inuwa. Da zarar masu kai amarya sun juyo, ki kwashe jajayen gwaggo ki ba duk maƙwabcin da ke da babban wuri, ki canja ruwa, sannan ki saki namu. In ta kira ta tambaya, ki ce suna gaishe ta.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ɗakin amarya ke kashe kifi da su, duk na gwada su a zaurena ba tare da na yi aure ba. Na taɓa fesa maganin sauro na rufe ƙofa na fita, na dawo na tarar sauro na nan, kifi ne suka tafi. In za a fesa, ki lulluɓe akwatin da zane ki kashe famfon iska har warin ya fita. Kaskon turaren wuta ma ki nisanta shi. Hannunki da ya sha humra da man shafawa kada ya shiga ruwan sai kin wanke shi da ruwa zalla, musamman wurin kwaɗi, su ta fata suke shan komai. Sabulu kada ya taɓa cikin gilashin. Na taɓa wanke akwati tas da sabulu har yana ƙyalli, ina jiran a yaba mini, abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Ruwan famfo ki bar shi ya kwana a buɗe kafin ki zuba, kuma kada ki canja duka a lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan ake yi.

Sannan ki yi hattara da masu ganin ɗaki. Mutanenmu ba sa iya ganin mai rai ba su ba shi abinci ba. Wannan ta gutsuro alkaki ta jefa, waccan dubulan, wata ta ce ai kifin amarya ne a ba shi nakiya. Kifi ba ya cewa ya ƙoshi, abin da ya rage kuma ruɓewa yake ya lalata ruwa. Ki ce musu likita ya hana su zaƙi. Ba za su tambayi wane likita ba.

Saura maganar girman akwati, ita ce ta fi cin mutane. Kwalbar nan mai zagaye da ake gani a hotuna, ba gidan kifi ba ce, kurkuku ce, na kashe kifi a cikinta har na daina saya. Ƙaramin akwati, irin wanda bokiti ɗaya ke cikawa, iyakarsa kifin faɗa guda ɗaya shi kaɗai, ko wadan kwaɗi biyu. Matsakaici, mai cin jarka biyu zuwa uku, zai ɗauki garken gofi, in kina so da wadan kwaɗi a ƙasa. Golfish da macin kifin kwaɗo kowa babban wuri yake so, kuma ba tare ba. Faɗi ya fi tsawo amfani, don ta saman ruwa iska ke shiga, balle a inda wuta ba ta da alkawari. Kuma abin mamaki, babban akwati ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, ruwa mai yawa ba ya saurin ɓaci.

Na san za ki ce, to Baba, in haka ne me ya sa nawa bai kai na zaurenmu ba? Mahaifiyarki ma ta tambaye ni. Ta ce ga gilashi jingim a shago, ga 'yarka guda za ta tafi, ka tsaya kana tsumulmula. Na ce mata hanya ce, babban akwati fashewa yake a mota. Ta dube ni irin kallon da ta yi wa tarwaɗan nan, ta ce, «Malam, ka kai shoglas har Azare a bayan akori-kura bai tsage ba.» Na ce mata ta je ta duba tukunya tana ƙauri.

Ke ba zan ɓoye miki ba. Da gangan na yanka shi haka. Ya ishe su su zauna lafiya su wala, ban cuce su ba. Amma kin san halin gofi, kusan duk wata mace sai ta haihu, in dai ruwa da kyau kuma babu mai cinye 'ya'yan. In kin bi abin da na rubuta miki, kafin 'yan watanni akwatin zai cika, dole a rage. Kuma ba a ba direban mota saƙon kifi, zai bar su a rana ya tafi cin abinci. Ba a ba wa maƙwabta, ba su san tarihinsu ba. Mai kifi ita ke kawo kifinta da kanta, a bokiti, a tsakanin ƙafafunta.

Na auna gilashin, na sake aunawa, har sai da na tabbata ba zai ɗauke su fiye da haka ba. Ban san wata hanyar da uba zai ce wa 'yarsa ki riƙa zuwa gida ba, ba tare da an ce ya shiga hurumin mijinta ba. Zan yi kewarki, Uwata, fiye da yadda nake nunawa a tsakar gida. Babban akwatin zaure na wanke shi, da ruwa zalla, na zuba sabon yashi, famfon iska na aiki. Babu komai a ciki. Mutane na ta tambaya me nake kiwo, ina ce musu ana hanya.

Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya sa ki shiga gidanki da ƙafar dama, ya haɗa kanku ke da mijinki, ya kare ku daga sharrin mutum da na ƙarfen hanya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mana. Ki gaida Malam Mustafa, ki ce na ce kwaɗinsa sun yi kyau.

Ni ne mahaifinki, kuma ɗanki,
Sabo mai gilashi